Raba-daidai ba shi ne adalci ba a kuɗin wuta da ruwa

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar a zaman karatu na bayan sallar Magariba, inda ya yi bayani a kan yadda ya kamata maƙwabta su riƙa raba kuɗin wutar lantarki, da na ruwa, da sauran hidimomin da suka haɗa su. Mun rubuto muku shi kamar yadda aka gabatar, in ban da 'yan gyare-gyare kaɗan. A sha karatu lafiya.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa da sahabbansa. 

Abin da za mu tattauna a kansa yau wani zai iya ganin bai kai a tara mutane a kansa ba. Maganar kuɗin wuta ce, da kuɗin ruwa, da kuɗin kwashe shadda, da gyaran lambatu, da kuɗin 'yan sintiri. To amma ku je ku tambayi masu unguwanni da limamai irin ƙararrakin da ake kawo masu. Za ku tarar da mutane biyu, ƙofar ɗakinsu na kallon juna, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, amma an yi wata uku ba a gaisawa. Matansu ba sa aron turmi, 'ya'yansu an hana su wasa tare. In ka bi salsalar abin sai ka ga takardar bil ce. Bahaushe ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani dole ne, amma addini bai bar mu mu yi ta lalube a duhu ba, ya ba mu ma'auni.

Mun san matsayin maƙwabci. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 36, an jero kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa tare da kyautata wa iyaye da dangi da marayu, duk a bayan umurni da kaɗaita Allah da bauta. Malamai kuma suka kasa maƙwabta gida uku. Akwai wanda yake Musulmi kuma ɗan'uwanka na jini, yana da haƙƙi uku. Akwai Musulmin da ba danginka ba, yana da biyu. Akwai wanda ba Musulmi ba, shi ma yana da haƙƙin maƙwabtaka. Saboda haka duk abin da za mu faɗa ya shafi mai zaune a cikin birni da mai haya a Sabon Gari, ko wane ne yake ɗakin da ke kusa da naka.

YADDA AKA ZO NAN

Da can abin da sauƙi. Lokacin da aka kafa NEPA a 1972, da shekarun da suka biyo baya, abin da talaka yake da shi a ɗaki bai wuce ƙwan lantarki da rediyo ba, sai mai hali ya ƙara da fanka. Shi ya sa a gidajen haya ƙwai ake ƙirgawa. Mai ƙwai biyu ya biya na biyu, mai ɗaya ya biya na ɗaya, an gama. Kuma a wancan lokacin wannan lissafi ya yi kusa da gaskiya, domin ƙwan ne mai shan wutar.

To abubuwa sun canza. NEPA ta koma PHCN a 2005, sannan a watan Nuwamba na 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 masu zaman kansu, irin su na Kano da Kaduna da Jos da Yola da Abuja. A 2020 aka kasa masu amfani da wuta rukuni-rukuni bisa awoyin da ake sa ran za su samu a rana, rukunin A awa 20, har zuwa rukunin E mai awa 4. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke kula da harkar, wato NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A zuwa Naira 225, daga abin da bai kai Naira 70 ba. Kafin nan, a ƙarshen watan Mayu na 2023, an cire tallafin man fetur, wanda ya sa tayar da janareta don jawo ruwa ya zama wani aiki. Wato kuɗin da a da ake iya kawar da kai a ce a bar shi, yanzu ya kai kuɗin cefane.

A ɗaya ɓangaren kuma kayan da ke cikin ɗakuna sun bambanta nesa ba kusa ba. Wani har yau ƙwai ne da fanka. Wani kuwa yana da firiza biyu, da dutsen guga, da hita, da rishon lantarki. Amma mita ɗaya ce, bil ɗaya ne. Sai wata ya ƙare a ce, to jama'a, mu huɗu ne, a raba huɗu. A kira wannan adalci.

MA'AUNIN DA MALAMAI SUKA AJIYE

Akwai wata ƙa'ida da malaman fiƙihu suka yi ittifaƙi a kan ma'anarta, cewa ɗaukar nauyi yana bin cin amfani. Wanda ya mori abu shi ke ɗaukar ɗawainiyarsa, kuma gwargwadon yadda ya mora. Mu ma muna da ita a harshenmu, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda bai ci ladan ba fa? Ba a miƙa masa aska. Wanda ya ci rabi, rabin kai zai aske.

Daga wannan ƙa'ida za mu fahimci cewa kowace hidima tana da nata ma'aunin. Ba a auna gero da kwalba, ba a auna man gyaɗa da tiya. Wuta ana auna ta da abin da kayan ɗakinka suke sha. Ruwa da shadda ana auna su da yawan kawuna. Lambatu da bututu ana auna su da nisan da ka mora. Gadi ana auna shi da abin da ake tsarewa. Kuskuren da muke yi shi ne mu ɗauki ma'auni ɗaya, wato yawan ɗakuna, mu auna komai da shi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

KUƊIN WUTA

Farko mu san mene ne yunit, wanda ake sayar mana. Kowane kayan wuta in ka duba jikinsa za ka ga an rubuta ƙarfin abin da yake ja, ana kiran sa wat. In kayan da ke jan wat 1,000 ya yi aiki na awa ɗaya, an sha yunit ɗaya ke nan. Ƙwan zamani mai farin haske yana jan kamar wat 10. Fankar sama kamar wat 70. Dutsen guga kuwa kamar wat 1,000, haka hita da rishon lantarki, wasu ma sun wuce haka. Ku lura da kyau. Gugar awa ɗaya daidai take da ƙwai ɗaya ya yi awa 100 a kunne. Ashe ke nan mai ƙirga ƙwai a yau, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Duk abin da ke yin zafi ko yake yin sanyi, shi ne mai shan wuta.

Bari in kawo misali, mu ƙaddara gida ne mai mutum huɗu, bil ya zo Naira 30,000, an sha yunit 300, wato kowane yunit ya kama Naira 100. Ta farko tsohuwa ce da jikokinta, ƙwai biyu da fanka ɗaya, a wata ba ta wuce yunit 20 ba. Na biyu ma'aikaci ne, ƙwai huɗu, fanka biyu, talabijin, da 'yar gugar kayan aiki, ya sha 60. Na uku yana da firiza biyu, ana sayar da ƙanƙara da zoɓo, ya sha 120. Na huɗu wanki da guga yake yi, dutse na kunne awa uku kullum, ya sha 100. In an bi gaskiya, tsohuwa Naira 2,000 ne a kanta, ma'aikaci 6,000, mai firiza 12,000, mai guga 10,000. In kuwa aka yi raba-daidai, kowa zai ba da 7,500. Ka ga an karɓi Naira 5,500 a hannun tsohuwar nan, an zuba a jarin mai firiza da mai guga. A shekara Naira 66,000 ke nan. Da za a ce wa mai firiza ya shiga ɗakinta ya ɗaga katifa ya ɗauki wannan kuɗi, wallahi zai ce Allah ya kiyaye, ni ɓarawo ne? Amma ga shi yana karɓa duk wata, kuma yana barci lafiya, don an sa wa abin suna raba-daidai.

Wani zai ce, ai ba ta taɓa yin magana ba, ta yarda ke nan. A'a. Mu Hausawa mun san kara, mun san kawaici, mun san kunya. Mace mai takaba ko dattijuwa ba za ta tsaya a tsakar gida tana jayayya da maza a kan kuɗi ba. Baƙon da ya tare jiya ba zai fara da gardama ba. Malamai sun yi bayani cewa dukiyar mutum ba ta halatta gare ka sai da daɗin ransa, kuma abin da aka karɓa don mai shi ya ji kunyar hanawa, hukuncinsa ɗaya da abin da aka ƙwata. Shirun mai kunya ba yarda ba ce. Kai da ka san kayanka sun fi shan wuta, kai ne ya wajaba ka fara magana, tun kafin a tambaye ka.

To mene ne mafita? Mafi kyau kowa ya samu mitarsa. In hakan bai samu ba, akwai ƙaramar mita da masu gyaran wuta suke sa wa kowane ɗaki a bayan babbar, kowa a karanta tasa a ƙarshen wata. Kuɗinta bai kai abin da rigimar shekara ɗaya take ci ba. In wannan ma bai samu ba, sai a zauna a rubuta kayan kowa, a ba kowane kaya maki bisa ƙarfinsa da awoyin da yake aiki, a tara makin gida duka, a raba bil a kansa. Wanda ya sayo sabon kaya ya faɗa a ƙara masa, wanda nasa ya lalace ya faɗa a rage masa. Wanda ya ɓoye hita a ƙarƙashin gado ranar ƙidaya kuwa, ya sani akwai sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da ta sauka da narkon azaba a kan masu tauye mudu, masu cika nasu in za su karɓa, su rage in za su bayar. Ƙwan zaure da na banɗaki da na tsakar gida, waɗannan na kowa ne, sai a ware su a raba daidai.

Akwai kuma masu mitar kati da suke yin karɓa-karɓa, wannan wata wane zai sa kati, wata mai zuwa wane. A ido kamar adalci ne. Amma watanni ba ɗaya suke ba. Wanda layinsa ya faɗo a Maris ko Afrilu, lokacin da fanka ba ta hutawa kuma firiza na aiki dare da rana, ba zai biya daidai da wanda nasa ya faɗo a tsakiyar damina ba. Haka wanda ya faɗo a hunturu, kowa na dafa ruwan wanka. Gara a yi asusu ɗaya, kowa ya zuba rabonsa a farkon wata, a riƙa sayen katin daga ciki.

RUWA DA SHADDA

Ruwa kuwa mutum ne ke shan sa, ɗaki ba ya shan ruwa. Gwauro mai fita da asuba ya dawo bayan Isha'i, bokiti biyu ya ishe shi. Mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga wanki ga wanke-wanke, ba za a haɗa su ba. Saboda haka kuɗin famfo, ko man da ake zuba wa janareta don cika tanki, ko kurar ruwan da ake saye daga 'yan ga-ruwa a zuba a randar gida, kawuna ake ƙirgawa. In kuma akwai mai sana'ar da ke cin ruwa, kamar mai wankau, ko mai awara, ko mai kiwon tumaki a gidan, a ƙara masa wani kaso saboda sana'ar.

Haka kwashe shadda. Kada ku ɗauka malamanmu na da sun ƙyamaci wannan magana. A littattafan Malikiyya, irin su Risala da Mukhtasar da muke karantawa a zaurukanmu, an tattauna gidan bene da mutum biyu suka mallaka, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wa zai gyara in ƙasan ya raunana. Har yashe masai an tattauna. Wasu suka ce yana kan mai ƙasa tunda a mallakarsa yake, wasu suka ce a raba wa duka bisa yawan kawunan masu shiga. Wannan magana ta biyu ita ta dace da gidajen hayarmu, inda masai ɗaya ne kowa ke amfani da shi. Ku duba fa, manyan malamai sun zauna sun yi wa masai hukunci, don sun san a nan zumunci yake lalacewa.

LAMBATU, LUNGU DA BUTUTU

A nan akwai wani lissafi mai ban sha'awa. Akwai wani kundin dokokin mu'amala da aka tsara a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ba tamu ta Sakkwato ba, tsakanin 1869 da 1876, a bisa mazhabar Hanafiyya, ana kiran sa Majallatul Ahkamil Adliyya. A ciki an kawo mas'alar magudanar ƙazanta da gidaje suka yi tarayya a kanta. Mu ce gida goma ne a jere, ruwa na gangarowa daga na sama zuwa na ƙasa. Na can sama, ruwansa yana bin lambatun tun daga farko har ƙarshe. Na can ƙasa kuwa ɗan guntun da ke ƙofarsa kawai yake mora. Sai aka ce a fara lissafi daga ƙasa. Yankin ƙarshe, duka goman za su biya, tunda ruwan kowa na bi ta nan. Yankin da ke sama da shi, mutum tara, an sallami na ƙasa. Na gaba mutum takwas. Haka har a kai ga na can sama, wanda zai biya na ƙofarsa shi kaɗai. Irin wannan hukunci aka ba lungun da ba ya ɓullewa. Bakin lungu na kowa ne, amma can ƙurya na masu ƙurya ne.

In kuwa hanyar ruwan ban-ruwa ce, irin wadda masu noman rani suka sani a wurare kamar Kadawa, sai lissafin ya juya. Ruwan daga sama yake zuwa, saboda haka yashe farkon hanyar yana kan kowa, in an wuce gonar mutum sai a sallame shi, na ƙarshe shi zai fi biya. To wannan shi ne hukuncin bututun da 'yan layi suka haɗa kuɗi suka jawo daga babban titi, ko wayar da aka jawo daga turken wuta. Wanda gidansa ke bakin titi ba za a ɗora masa kuɗin bututun da ya wuce ƙofarsa da gida tara ba, sai in shi ya ga dama ya taimaka.

KUƊIN GADI DA TARANSIFOMA

Shi wannan kundi ya kawo wata ƙa'ida a kan kuɗin da ake ɗora wa jama'a don tsaro. In don tsare rayuka ne, a raba bisa kawuna. In don tsare dukiya ne, a raba bisa yawan dukiya. To 'yan sintirin unguwa duka biyun suke tsarewa, amma kowa ya san ɓarawo ba tabarmar almajiri yake nema ba. Mai kanti cike da kaya, da mai motoci uku a gareji, bai kamata su ba da abin da mai ɗaki ɗaya yake bayarwa ba. A sa wani ɗan abu da kowane gida zai bayar, sannan masu shaguna da masu dukiya su ɗora a kai.

Taransifoma kuma, ku sani hukumar NERC ta sha bayyana cewa gyara ta ko sauya ta, da turaku da wayoyi, nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Saboda haka matakin farko shi ne a rubuta wa kamfani, a ajiye kwafi, a bi sawu. In jama'a suka gaji da zama a duhu suka ga za su haɗa kuɗi da kansu, to a nan ma ma'aunin bai canza ba. Mai injin niƙa, da mai walda, da mai gidan ƙanƙara, su ne suka fi ɗora mata nauyi, kuma su suka fi asara in babu wuta. Kada a zo a yanka wa kowace ƙofa kuɗi ɗaya, sannan a ce wanda bai biya ba za a cire wayarsa, alhali wata ƙofar marayu ce a bayanta.

WASU MAS'ALOLI DA AKE YAWAN TAMBAYA

Wanda ya yi tafiya ya kulle ɗakinsa wata guda, babu kuɗin wuta ko na ruwa a kansa, in dai bai bar firij a kunne ba. Amma kuɗin gadi yana kansa, don kayansa aka tsare. Ya kuma sanar kafin ya tafi, kada ya dawo ya ce ai ba na nan.

Wanda ya tare a ɗaki ya tarar da bashin wuta, bashin yana kan wanda ya sha. Mai gida ko wakilinsa shi ne zai tabbatar an biya kafin tsohon ɗan haya ya kwashe kayansa. Kai kuma mai tashi, kada ka sulale da daddare ka bar wa mutane bashi. Ka bar unguwar, amma bashin bai bar wuyanka ba.

Abin da ya shafi asalin gida, kamar injin jawo ruwa ya mutu don tsufa, ko tanki ya fashe, ko wayoyin cikin bango sun lalace, wannan na mai gida ne, sai in wani ne ya lalata da gangancinsa, ko kuma an yi wani sharaɗi tun farko. Abin da ake sha yau da gobe shi ne na 'yan haya. Mai gidan da yake zaune tare da 'yan hayarsa kuma, ya sa kansa a lissafi. Mallakar gida ba ta sa firizarka ta daina shan wuta.

Sai satar wuta, wato a zagaye mita, ko a jona waya da daddare a cire da asuba. Wani zai ce ai su ma kamfanin ba sa ba mu wuta, kuma suna kawo bil na kintace. In an zalunce ka, akwai hanyar kai ƙara, kuma tun 2020 hukuma ta sa iyaka ga abin da za a iya kintata wa marar mita. Amma ka duba wa kake cuta. In a cikin gida ka zagaye ƙaramar mitarka, abin da ka sha zai hau kan maƙwabtanka. In a layi ne, nauyin da ka ƙara shi ke ƙona taransifomar da kowa zai zauna a duhu saboda ita. Ga kuma gobara, wadda in ta tashi ba ta tsayawa a ɗakin wanda ya yi jonin.

TUN RAN GINI, RAN ZANE

Yawancin rigimar nan tana faruwa ne don ba a yi magana ba sai da bil ya zo. Lokacin kuwa kowa ya riga ya san abin da zai amfane shi, sai ya kafe a kai. A zauna tun farko, lokacin da zukata ke kwance. A rubuta a littafi, wane yana da kaza, kawunan ɗakinsa kaza, ranar biya kaza. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutu ba rashin yarda ba ne, maganin mantuwa ne da waswasin Shaiɗan.

Wanda aka ɗora wa karɓar kuɗi, amana ce a hannunsa. Ya nuna takardar bil kowa ya gani, in ya biya ya kawo rasit. Kada ya juya kuɗin jama'a a kasuwa da niyyar zai mayar kafin a zo yanka. Kada ya ƙara wani abu a ɓoye ya ce ladan wahalarsa ne. In yana son lada ya faɗa a fili a yanka masa. Kai kuma mai biya, in kana da hali kada ka sa a yi ta sallama a ƙofarka. Jinkirin mai hali zalunci ne. In babu, bashi hanji ne yana cikin kowa, ka fito ka faɗa tun da wuri, a san yadda za a yi kafin a yanke wa gida duka wuta.

BAYAN ADALCI SAI IHSANI

Kada wani ya fahimci cewa ana so mu zama masu ƙididdiga, kowa da alƙalami a kunne yana leƙen ɗakin ɗan'uwansa. Imam Bukhari ya buɗe babin tarayya a littafinsa da maganar matafiya da suke haɗa guzurinsu wuri ɗaya su ci tare, ya nuna Musulmi ba su ga laifin haka ba, ko da wani ya fi wani ci. A nan ne kuma ya kawo yabon da Manzon Allah (S) ya yi wa Ash'arawa, mutanen Abu Musa, waɗanda in abinci ya yi masu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu su raba a tsakaninsu daidai. Ku lura da wanda ya amfana a wannan rabo. Mai kaɗan ne ya samu daga mai yawa, kuma da yardar kowa. Irin namu raba-daidan kuwa, mai yawa ne yake samu daga mai kaɗan, kuma ba a tambaye shi ba.

Saboda haka a fara da lissafi, kowa ya san haƙƙinsa. In bambancin ɗan kaɗan ne, a yafe wa juna. In yaron maƙwabci ya zo cajin waya, ko aka kawo maganin marar lafiya a sa a firij ɗinka, ko aka ɗebi bokiti ɗaya ranar suna, wannan ba abin rubutawa ba ne. Sannan mai hali ya ce, rabon tsohuwar nan ni zan riƙa biya, kada a sake tambayar ta. Wannan sadaka ce mai gudana duk wata, kuma ta fi kusa da kai fiye da wadda za ka je nema a wani gari. Amma sai an san nawa ne nata kafin a ce an ɗauke mata, in ba haka ba sai ka ɗauka taimakon ta kake yi alhali ita ke taimakon ka.

Abin da nake roƙo shi ne, kowa in ya koma gida ya duba kayan da ke ɗakinsa, ya duba abin da yake biya, ya duba na maƙwabcinsa. In ya ga an daɗe ana ɗaukar masa nauyi, ya je ya same su ya nemi a sake lissafi, ya mayar da abin da zai iya, ya nemi yafiyar saura. Haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai an mayar ko mai shi ya yafe, kuma a Lahira ba da Naira ake biya ba, da lada ake biya. Limamai da masu unguwanni kuma, in an kawo maku irin wannan ƙara, kada ku tsaya a kan ku yi haƙuri ku je ku sasanta. Ku karɓi takarda ku yi masu lissafin.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabtanmu, ya tsare mu daga cin abin da ba namu ba, ya sanya albarka a ɗan abin da muke samu.